Dutsen Zoben Velma

Jirgin ƙasa ya ratsa ta gadar da ke saman titin Wabash na birnin Chicago, gilasan kantin suka ɗauki rawa, Roscoe Tillman ya ji da ma ginin ya rufta kowa ya huta.

Su uku ne a gaban teburin Mista Sarkisian mai sayar da zobba: shi, da matarsa Velma, tsohuwar nas, da ɗansu Lamont, wanda ranar Asabar zai durƙusa a gaban budurwarsa ya nemi aurenta. Velma ce ta kawo shawarar a cire dutsen zobenta na baiko a ɗora wa yarinyar a sabon zobe, a ƙera mata na aure wanda zai zauna daram a gefensa. Lamont har da ƙwalla. Roscoe kuwa kwana uku ke nan abinci ba ya wuce masa.

Duk kudancin Chicago an san labarin dutsen nan, don Roscoe bai bar kunnen kowa ya huta ba. A shagon aski, a ƙofar coci, a wurin gashin nama: wata takwas ya yi yana tuƙa bas ba hutu, har ƙafafunsa suka kumbura, kafin ya sayi daiman ɗin. In masu sauraro sun yi yawa, watannin sukan kai goma sha biyu.

Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, wata Lahadi a kasuwar Maxwell ya saye shi, a hannun wani mai doguwar kwat da ke haɗawa da sayar da safa. Gilashi ne tsantsa. Tun ranar da ya zura mata shi, idonsa bai ƙara iya sauka a hannunta na hagu ba. Shekara talatin da huɗu yana tafiya ta damanta, yana zama ta damanta, mutane suna cewa ka ga masoya.

Mista Sarkisian ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jera duwatsu don Lamont ya ga bambanci. Zagayayye ya fi kowanne walƙiya, in ji shi, kuma kowane zoben aure yana zama da shi lafiya. Mai siffar ƙwai yana ƙara wa yatsa tsawo. Dogon nan mai kusurwa huɗu kamar taga yake, ba ya rufa wa tabo asiri. Mai kama da ɗigon hawaye kuwa rigimamme ne, sai an lanƙwasa masa zoben aure musamman, in ba haka ba a ga giɓi a tsakani.

Roscoe ya hango ƙofar tsira.

"Ka dai ji da kunnenka. Zagayayye shi ne sarki, tambayi uwarka," ya ce. "Amma 'yan matan yanzu sabo suke so. Zaɓi ɗaya a nan, ka bar wa tsohuwa kayanta."

Lamont ya yi masa wani irin kallo, ya buɗe baki zai yi magana, Velma ta riga shi.

"Wa kake kira tsohuwa, kai da gwiwarka ta ƙarfe? Matsa min."

Ta shafa mai a yatsa, ta murɗa, ta murɗa, zoben ya fito. Roscoe ya juya baya, ya duƙufa da kallon agogunan bango kamar mai shirin saye. Ya ji ƙarar zoben a kan teburi. Ya ji mai kantin yana cewa wannan sai an lanƙwasa masa na aure. A ransa ya ce ka ji ɗan kasuwa, tun ba a je ko'ina ba ya ƙirƙiro wa kansa aiki.

Sai kuma ya ji an buɗe aljihun tebur.

"Dokar gidan nan ce tun zamanin mahaifina," in ji Mista Sarkisian. "Dutse ba ya shiga ɗakin aiki sai an gwada shi a gaban mai shi, kar gobe a ce mun musanya. Maigida, ko za ka juyo ka shaida?"

Na'urar gwajin da ya ciro ba ta wuce girman biro ba. In ta taɓa daiman ta yi ƙara, in ta taɓa gilashi ta yi gum. Zufa ta jiƙa wuyan rigar Roscoe. Ya tuna Lamont yana aji uku, ya rubuta labarin bas ɗin nan a makaranta, har aka manna takardar a bango. Ya ga gara yaron ya ji daga bakinsa da ya ji daga shirun biro.

"Kada ka wahalar da kanka," ya ce, bai juyo ba. Muryar da ke cika shagon aski ta koma ta mai mura. "Gilashi ne. Velma, gilashi na ba ki. Ba wata takwas, ba kumburin ƙafa. A Maxwell na saya, har safa mutumin ya ƙara min."

Lamont ya ce, "Baba," daidai lokacin da Mista Sarkisian ya ɗora biron a kan dutsen.

Sai biron ya yi ƙara, doguwa, ba ko tangarɗa.

"Daiman ne," in ji Mista Sarkisian. "Mai kyau ma."

"To na'urarka ta lalace," in ji Roscoe.

Velma ta rufe kwalbar man shafawarta, ta jefa a jaka, ta ja zif ɗin a hankali.

"Lafiyarta ƙalau, Baban Lamont. Zagayayyen naka ya fashe a wurin wanke-wanke tun ina da cikin yaron nan. Wannan ɗigon hawayen ni na saya da aikin dare na asibiti, kuma tun ranar nake kaɗa maka hannu a fuska ko Allah zai sa ka duba."