Tamfol Ɗin Kan Rufi

Da dawowarsa daga kwanan daji da abokai, tun daga ƙofa maigida ya fara cika baki.

"Ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ko ɗigo bai taɓa ni a dajin nan ba! Na ɗaura igiya, na ɗora tamfol, na kafa turaku. Abokaina masu tanti mai tsada sun jiƙe sharkaf."

Matarsa tana matse zanin gado, ba ta ko ɗago ba.

"Sannu gwani. Ina ka samo tamfol?"

"A kan rufinmu mana, kin shanya kin manta."

"Ba shanya ba ce. Wurin yoyon da ka ce za ka gyara tun bara na rufe. Katifa ta sha ruwa. Tunda ka ƙware a kwanan waje, bismillah."