Ɗigo Uku

Wallahi ba za ku yarda ba, amma cikin minti goma sha biyar Ndagi ya sauke altanetar nan ya ɗora wata, ko gumi bai yi ba.

Ndagi rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, a wani gareji a Shango. Aji biyu ya yi a sakandare ya gudu, amma hannunsa ya fi na masu digiri. Duk altanetar da ya taɓa gyarawa, wato na'urar da ke cajin batirin mota, sai ya buga mata ɗigo uku da ƙusa a gindi, kamar yadda kowane rewaya a garejin yake da tasa alamar.

Rumfar da ke jikin tasa ta Andrawus ce, shi ma rewaya. Shekara biyu ko gaisuwa babu, sai habaici da ƙwacen kwastoma. Ciyaman ɗin garejin, Baba Ndaliman, ya gaji ya yanke hukunci: a cikin su biyun, wanda aka sake kawo ƙarar aikinsa ya kwashe kayansa.

Ran nan Andrawus ya sa wa motar wata kwastoma, Madam Hadassah, sabuwar altaneta fil, ya tafi cin doya. Ndagi ya lallaɓa da sifana. Ya kwance fambel, ya zare sabuwar, ya zaro wata matacciya daga tarkacen da ke ƙarƙashin bencinsa, ya goge ta da fetur ya ɗaure. Har wayar jar fitilar caji ya cire, don kada ta tona asiri.

Motar ba ta kai Maikunkele ba batir ya mutu. Da igiya aka jawo ta, Madam tana ta ruwan masifa tun daga bakin titi.

"Wai kai ne gwani!" in ji Ndagi da ƙarfi, yana nuna Andrawus. "Baba, a ara masa baro ya kwashe kaya."

Andrawus ya yi tsuru-tsuru, yana ta rantsuwa cewa sabuwa ya sa.

 Baba Ndaliman ya sa aka sauke altanetar, ya juya ta, ya tofa yawu a gindinta ya murza da babban yatsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago kai, ba wajen Andrawus ba.

"Zo ka ƙirga mana, ɗan boko."

Ɗigo uku ne, jama'a. Kuma don cin fuska, baron Andrawus aka ara mini, ni Ndagi, na kwashe kayana.