Ɗumin Babur ɗin Mudassiru

Tun hantsi Ɗanbaba bakanike yake tsugune a garejinsa na Kura, a gindin babur ɗin Mudassiru.

Babur ɗin ɗan Beljiyam ne, mariƙansa suna yin ɗumi idan an danna maɓalli. Don haka ma Mudassiru ya saye shi, saboda sammakon ban ruwan tumatir a Kadawa cikin sanyi. Yau wata guda ke nan, in ji shi, ɗumin ya ɗauke.

Ɗanbaba ya canza fis ɗin wuta. Ya bi waya tun daga batir, ya kankare tsatsa, ya naɗe da salatif, sannan ya tayar da injin.

"Riƙe mu ji, Malam Mudassiru."

Mudassiru ya damƙi mariƙin, ya daɗe yana riƙe da shi, ya girgiza kai. "Shiru kake ji."

"Wallahi wuta tana zuwa," in ji Ɗanbaba. Ya miƙe da tsaki, ya ture hannun mai babur, ya kama da kansa. Nan take ya saki da salati yana yarfe yatsu.

Ya juyo tafin hannun Mudassiru. Duk bororon ƙuna ne, wani ya bushe, wani sabo. Ɗanbaba ya taɓa ganin manomin da maganin feshi ya kashe wa jin hannu.

"Da me kake dama maganin feshi?"

"Da hannu mana, kamar kowa. Shekara tara ke nan."

Mudassiru ya tsaya yana kallon tafukansa kamar na wani. Ya danna bororo ɗaya da farce har ya fashe, bai ji komai ba.

"To," ya ce a hankali, "wannan kuma wa ke gyarawa?"