Wuta a Kafaɗar Regina

Mama Lai'atu ta zaro hoto na farko daga ambulan, ta kai shi kusa da ido, ta yi nesa da shi, sai ta ce, "Yesu!" Hoton ya faɗi a kan tabarma.

Hotunan sujadar tunawa da mijinta ne, Baba Tagwai, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a Godogodo kafin waya ta kashe sana'ar. Ɗansa Wilfred, shugaban mawaƙan coci, shi ya nace a ranar cewa da tsohuwar kyamarar Baba za a ɗauka, mai cin fim, don girmamawa. Har Jos aka kai fim ɗin kafin a sami mai wankewa.

Ga dangi nan a ƙofar coci cikin anko, kowa ya fito tsaf. Sai can ƙarshen layi, inda Regina matar Wilfred take tsaye. Wani jan haske ya taso daga ƙafarta, ya lashe zanenta, ya hau kafaɗa, ya cinye rabin fuskarta. Idon da ya rage ya koma kore.

Hoto na biyu, a bakin kabari, haka. Na uku, wajen rabon abinci, haka. Mama ta ware waɗanda babu Regina a ciki. Fes suke, ko ɗigo babu.

"Fim ya tsufa ne," in ji Wilfred, yana tattara su da sauri. "Mama, kar ki fara."

"Fim yana da ido ne, da zai zaɓi mutum ɗaya?"

Regina tana tsaye da tulu a hannu. Ta yi dariya, tana jiran a taya ta. Ba wanda ya taya.

Ka san garinmu, magana ba ta jiran mota. Kafin Lahadi, matan zumuntar coci duk sun ga hotunan, har da waɗanda ba a nuna wa ba. Sai aka shiga tune-tune. Wata ta tuna Regina ce ta kai wa Baba kunu da safen da ya faɗi. Wata ta tuna cittar gonarsu ta ruɓe a ƙasa shekarar da aka kawo ta daga Gwantu. Ƙafar Mama da ke kumbura ma aka samo mata dalili. Ba wanda ya furta kalmar maita a gaban Regina. Bencin da take zama a coci ne kawai ya yi faɗi.

Abin da ya fi cin ran Regina shi ne Joanna, 'yarta ƙarama. Mama ta ɗauke tabarmar yarinyar zuwa ɗakinta. Abincin da Regina ta dafa, a zubar wa aladu. Serah, wata budurwa cikin mawaƙa, ita ta riƙa shigowa da kwano rufe, saboda tausayin tsohuwa.

Wilfred kuwa ya tsaya wa matarsa, kowa shaida ne. A gaban dattawan ikilisiya ya buga ƙirji. "Aure na zobe muka yi. Coci bai yarda da saki ba, ni ma ban yarda ba. In kuna shakka, a sake ɗauka a gabanku!"

Aka sake. Sabon fim, rana tsaka, fasto ya yi addu'a a kan kyamarar. Wilfred ya jera mutane da kansa, kamar kullum. "Gajeru a tsakiya. Regina, ke doguwa ce, koma ƙarshe." Ta koma, tana murza Littafi Mai Tsarki a ƙirji.

Da hotunan suka dawo, wutar ta fi ta farko. Ta wannan karon har fari-fari take a tsakiya. Regina ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta tambayi fasto a hankali ko mutum yana iya zama abu bai sani ba.

Dattawa suka ce ba saki ba ne, rabuwa ce don zaman lafiya. Joanna za ta zauna a gidan ubanta. A tasha yarinyar ta riƙe bakin zanen uwarta tana ihu, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya. Wilfred ya yi kuka har mata suka riƙe shi. Regina ta leƙo ta taga ta ce masa, "Na gode, kai kaɗai ka tsaya mini." Motar Gwantu ta tashi.

Da Wilfred ya koma gida, ya wanke fuska, ya sauko da kyamarar daga ƙusa. A murfin baya akwai wata 'yar tsaga, siririya kamar allura, wadda rana ke bi ta ƙona gefen fim. Tun yana yaro Baba ya nuna masa ita, ya ja masa kunne kada ya taɓa ɗaga baƙin salatif ɗin da ke kanta. Wilfred ya ɓare tsohon, wanda yake ɗagawa duk sanda Regina ta tsaya a ƙarshen layi, ya yanko sabo, ya manna, ya danne da babban yatsa sosai, don ranar Asabar Serah zai ɗauka, kuma ba ya son komai ya taɓa fuskarta.