Doka ta Tara

Naushi na uku ne ya fasa wa manaja baki. Mai kula da intanet na masana'antar ya shaƙo wuyan rigarsa, ya gwara ƙeyarsa da bango.

"Kai ka tayar da injin yanka daga ofis, hannun yayana yana ciki!"

"Wallahi dubawa nake a waya, yatsana ya taɓa," in ji manaja, jini na bin haɓarsa. "Ba kai ka ce ka toshe hanyar ba?"

Ya toshe kuwa. Da hannunsa ya raba layin ofis da na injina a na'urar rarraba intanet, ya kafa dokar da ta hana kowace wayar ofis isa ga injin. Lallai wani ɗan iska ne ya cire ta, kuma yau sai ya kakkarya shi.

Ya yi jifa da manaja, ya fizgo kwamfuta. A ƙasa ana ta ihun a kawo mota a kai yayansa asibiti.

Dokarsa tana nan daram, ta tara a jeri, ba wanda ya taɓa ta. Sai dai na'urar daga sama take fara karanta dokokin, dokar da ta fara dacewa ita take bi.

Ya ɗaga ido zuwa doka ta ɗaya: a bar kowa ya wuce. A gefenta ga bayanin da shi kansa ya rubuta wata takwas da suka wuce: "Gwaji ne. Zan goge in na ci abinci."