Uwar Maƙera a Cikin Audugar Rimi

Ga ta nan, ga ta nanku. To, tunda kun ce ta zo, ku gyara zama.

An yi wani mai fito da ba ya ɗaga kaya don ya san nauyinsu. Wani dogon tsinken ƙarfe gare shi, sai ya soka sau uku, ya faɗi inda za a ajiye su a kwale-kwale. Wata ranar kasuwa, kogi ya cika ya batse, wani maƙeri mai ƙaura ya iso da ƙaton ƙunshin audugar rimi, mutum biyu na ɗauke da shi. Mai fito ya soka nan, ya soka can, ya ƙara, tsinke na wucewa salin-alin. Ya ce iska ce kawai, a ɗaure shi a gefe don mata su sami wurin zama. Maƙeri kuwa ya ɓoye abin da ke cikin ƙunshin, domin a gidansu ba a bari idon baƙo ya ga abin gado a kan hanya.

Suna kaiwa tsakiyar kogi jirgi ya karkata, ruwa ya fara leƙowa ta gefen ƙunshin, ga mata da goyo. Mai fito ya lallaba jirgin har kan wani tsibirin yashi, ya ɗauko tsinkensa, ya yi ta soka. Sau ashirin yana wucewa. Can sai ƙarfe ya ce ƙwal, tsinken ya dawo baya har ya girgiza masa kafaɗa. Ya dubi maƙeri ya ce, "Baba, me ka kwantar a ciki?" Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwar maƙerar kakana ce." Aka mirgina ƙunshin har tsakiyarsa ta dace da tsakiyar jirgi, jirgi ya daidaita, kowa ya haye lafiya. Ƙurunƙus, iyakarta ke nan.

Masana kimiyya sun ce haka ƙwayar zarra take, wadda aka gina ni da ku da dutse da ita. Kusan dukkanta fili ne. A can tsakiya akwai 'yar cibiya dunƙulalliya, wadda in da zarrar za ta kai faɗin filin Idi, ita ba za ta wuce ƙwayar wake ba, amma kusan duk nauyin a wurinta yake. Su ma da irin wannan soke-soken suka gano ta: sun yi ta harba ƙananan ƙwayoyi cikin siririn fallen zinariya, dubbai suka wuce, ɗaya ta dawo baya.

Mai fiton nan dai bai sake tsayawa a suka uku ba. Dama Hausawa sun faɗa: hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.