Kabari na Bakwai

Magini ya ja igiyar awo, sai ya ga kabarin kakansa ya faɗa waje. Aikin da aka ba shi ƙarami ne: ya kewaye da katanga kaburburan maza shida da suka je yaƙin farko, a 'yar maƙabartar bayan ƙauye, kafin ranar da za a taru a karrama su. Na Kaka yana can gefe, ciyawa ta cinye shi.

Abin ya ci masa rai. Tun yana yaro yake jin yadda Kaka ya shigo gari bayan yaƙi, shi a gaba, ba hula ba takalmi, su shida a bayansa riƙe da bindigogi, jama'a sun fito kallo. To wa ke tafiya a gaba in ba shugaba ba? Shi Magini ko ɓera ya gani a ɗaki sai ya kira matarsa, amma da wannan labari yake rufe bakin abokan aiki, har ya fara jin jinin mazan jiya na yawo a jikinsa.

Ya sami shugaban kwamitin taron da maganar. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Ka tambayi gwaggonka tukuna." Dattawa kuma suka ce a bar kaza cikin gashinta. Magini ya gane hassada ce zalla. Don Kaka ba shi da dangi a garin, kuma ya mutu harshensa bai miƙe ba, shi ke nan sai a danne masa haƙƙi?

Bai tambayi kowa ba. Ya kwaso bulon da ya tara don ɗakin ɗansa, ya karya layin, katanga ta turo ciki waje guda har ta haɗiye kabari na bakwai. A matsayinsa na magini ya san ta yi muni, sai dai bai taɓa son wani aiki nasa kamarta ba.

Ranar taro ya karɓi lasifika ba wanda ya ba shi. Ya yi bayanin jarumin da ya ja maza tun daga fagen fama har gida. Jikokin mutum shidan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ganin suna kuka, shi ma ya fashe da nasa kukan.

Da aka watse, ya riƙo hannun Gwaggo, autar Kaka, wadda idonta ya tafi. Ta shafa katangar daga farko har ƙarshe.

"Aiki ya yi kyau, ɗana. Baba ba zai damu ba, ai ya saba."

"Ya saba da me, Gwaggo?"

"Da zama a tsare a hannunsu mana. Sojan wancan ɓangaren ne, su shidan nan suka kamo shi."